Mai Gadi ko Kyanwar Lami? Labarin Jami'in Ɗa'a a Kamfani

A shekarar 2003, masu binciken kuɗi na KPMG na cikin duba littattafan kamfanin Siemens na Jamus sai suka ci karo da wani abu da ya ƙi shiga lissafi. Wasu ma'aikatan sashen sadarwa sun kwashi tsabar kuɗi har Yuro miliyan 4.12 sun yo Najeriya da su. Kuɗin ba su bi ta banki ba, a hannu aka ɗauko su. Masu binciken suka yi wa kamfanin hannunka mai sanda, aka miƙa zancen ga wani lauyan cikin gida wanda aikinsa shi ne tabbatar da ana bin doka. Kwana ɗaya tak ya yi a kan binciken, amma ko a kwana ɗayan ya ga abin da ya ishe shi. Ya rubuta rahoto cewa da alama an taka dokokin Jamus da dama, ciki har da ta hana cin hanci. Rahoton ya hau bene har ya isa gaban babban jami'in kuɗi na kamfanin. Daga nan shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Ba a hukunta kowa ba, mutumin da rahoton ya nuna da yatsa kuwa ya ci gaba da rabon kuɗi ta ɓoyayyun asusu.

Bayan shekara uku, ranar 15 ga Nuwamban 2006, 'yan sanda da masu gabatar da ƙara fiye da 200 suka yi wa ofisoshin Siemens da gidajen wasu manyansa dirar mikiya a Munich da wasu garuruwa. Abin da lauyan nan ya hango a kwana ɗaya, sai da ya ci wa kamfanin tarar dala biliyan 1.6 kafin ƙura ta lafa.

Kujerar da lauyan yake wa aiki ita ce ta dame ni. Wasu kamfanoni suna kiran mai ita jami'in ɗa'a, wasu jami'in tabbatar da bin ƙa'ida, da yawa sun haɗa sunayen biyu a ƙofar ofis ɗaya. Malaman fannin suna son bambanta su: mai bin ƙa'ida yana tambaya ko doka ta yarda, mai ɗa'a yana tambaya ko ya dace. A aikace mutum ɗaya ne ke shan ranar duka biyun, kuma matsalarsa ɗaya ce. An ɗauke shi aiki don ya ce a'a, wanda zai fi bukatar jin a'ar kuwa sau da yawa shi ne mai sa hannu a albashinsa.

Tsoro ne ya haifi wannan kujera, a Amurka kuma aka raɗa mata suna. A tsakiyar shekarun 1970 asirin kamfanin ƙera jiragen sama na Lockheed ya tonu, cewa ya raba miliyoyin daloli ga manya a ƙasashen waje don a sayi jiragensa. Zancen ya kai har aka kama tsohon firaministan Japan, Kakuei Tanaka, a 1976. Shekara ta zagayo majalisar Amurka ta yi dokar da ta haramta bai wa jami'an gwamnatocin waje cin hanci. A 1985 kuma sai ga General Dynamics, mai ƙera wa sojan ruwan Amurka jiragen ƙarƙashin teku, an kama shi yana cusa wa gwamnati lissafin da bai shafe ta ba, har da kuɗin ajiye karen wani babban ma'aikaci a gidan renon karnuka, ban da kyaututtukan da ya yi ta kai wa Admiral Hyman Rickover na rundunar sojan ruwan. Rundunar ta dakatar da ba shi sabuwar kwangila, ta ce sai ya kafa tsarin ɗa'a na gaske. Ya kafa, ya naɗa mutum ya riƙe shi, ya buɗe layin waya na kai ƙorafi. A 1986 sauran manyan 'yan kwangilar soja suka haɗu suka yi alkawarin bin sahu. Gani ga wane.

Amma kasuwar ba ta buɗe sosai ba sai 1991, lokacin da aka fitar da sabbin ƙa'idojin yanke wa kamfanoni hukunci a kotunan tarayyar Amurka. A ciki aka ce duk kamfanin da aka samu da laifi, idan ya nuna yana da tsarin hana laifi mai aiki, za a rage masa tara sosai. Nan da nan kowa ya shiga neman jami'in ɗa'a, har a 1992 suka yi yawan da suka kafa ƙungiyarsu. Wato tun ranar suna kujerar fuska biyu gare ta. Ta farko garkuwa ce da kamfani zai ɗaga a gaban alƙali. Ta biyu baki ne da zai faɗa wa kamfanin gaskiya kafin a kai ga alƙali. Kowane shugaban kamfani yana son ta farkon.

Ragon Alhaji

Mu sauko gida mu ɗauki misali. A ce wani kamfanin sarrafa kayan abinci ne a Sharaɗa ko Bompai, saura kwana huɗu Babbar Sallah. Da hantsi sai ga a-kori-kura ta tsaya a bakin ƙofa, an sauke rago fari tas mai murɗaɗɗen ƙaho, irin wanda sai mutum biyu sun riƙe igiyarsa. Direba ya ce wa maigadi daga Alhaji ne, na manajan saye-saye. Alhajin shi ke kawo wa kamfanin buhunan zuba kaya, wata mai zuwa za a sabunta kwangilarsa, ga kuma wasu mutum biyu sun nema a farashi mai sauƙi.

Manajan ya shigo ofishin jami'ar ɗa'a, hula a hannu. "Hajiya, wannan fa ba cin hanci ba ne, barka da Sallah ce. Mutumin nan abokin mahaifina ne. In na mayar masa da ragon nan, wallahi na ci mutuncinsa."

"Malam, ni ban ce ka ci hanci ba," in ji ta. "Amma wata mai zuwa kai ne za ka zauna a kan takardunsa. Ko ka yi adalci, wa zai yarda?"

Duk abin da manajan ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa aikin yake da wuya. Jami'ar da ba ta san aikinta ba sai ta buɗe littafin ƙa'ida ta karanta masa sashe kaza, ta bar shi da rago da abokin uba. Wadda ta sani kuwa ita za ta ɗaga waya da kanta. "Ranka ya daɗe, mun ga alheri, Allah ya ƙara arziki. Sai dai dokar kamfani ta ɗaure mana hannu, ko ni aka kawo wa ba zan iya karɓa ba. Yaronka ba shi da laifi, ni ce na hana." Ta rubuta ragon a rajistar kyaututtuka, ko a mayar da shi cikin mutunci ko a kai gidan marayu da sanin Alhaji, sannan ta zare manajan daga kwamitin da zai duba kwangilar, tunda shi da bakinsa ya ce akwai zumunci. A nan na ga amfanin kujerar fiye da ko'ina: ta ɗauke wa ƙaramin ma'aikaci nauyin kunya. Yaron da ba zai iya kallon idon abokin ubansa ya ce a'a ba, yanzu yana da inda zai laɓe. Doka ce, Hajiya ce ta hana.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk ɗan Islamiyya ya ji labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka yi masa, aka tambaye shi me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya gani ko kyautar za ta same shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin ɗabi'un da ya soki sarakunan zamaninsa da su. 'Yan kasuwa kuma sun gajarce zancen tuntuni: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Abin da kamfanin zamani ya ƙara shi ne rajista, da iyakar kuɗin da kyauta ba za ta wuce ba, da mutum guda da ake biya don ya tuna wa mutane.

Sauran aikin ba shi da armashi. Horar da ma'aikata, sau da yawa suna hamma. Karɓar takardun da kowa zai bayyana ko yana da hannu a kamfanin da ake ciniki da shi, ko matarsa, ko ƙaninsa. Binciken dillalai da 'yan kamasho kafin a ɗauke su, domin yawancin manyan shari'o'in cin hanci ta hannun ɗan tsakiya kuɗin ke wucewa. Sai layin ƙorafi, wanda mafi yawan abin da ke shigowa ta cikinsa rikicin ofis ne: oga ya hana ni hutu, an tsallake ni a ƙarin girma. Dole a saurari kowa, domin a cikin tarin ƙaiƙayin nan ne tsabar take. Dole kuma a kare wanda aka kai ƙara kamar yadda ake kare mai kai ƙarar, tunda hassada ma ta san lambar wayar.

Duk wannan mai sauƙi ne muddin ragon a ƙasa ya tsaya. Ranar da aka ce na ofishin sama ne, ranar ake sanin ko kamfani yana da jami'in ɗa'a ko hotonsa kawai ya rataya.

Abin da ke cikin Siemens

Kada a ɗauka Siemens ba shi da ƙa'idoji a wancan lokacin. Yana da su a rubuce, yana da ofishi, yana da babban jami'i. Sai dai kamar yadda hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta bayyana a ƙarar da ta shigar, babban jami'in ba wannan ne kaɗai aikinsa ba, haɗawa yake da wani, lauyoyin da ke ƙarƙashinsa kuma ba su wuce shida ba har zuwa 2007. Mutum shida, a kamfani mai ma'aikata sama da 400,000 da ke harka a ƙasashe kusan 190. Abin da ya fi wannan muni, ofishin an ɗora masa aiki biyu masu cin juna: shi zai hana laifi, shi kuma zai kare kamfanin idan masu gabatar da ƙara suka zo. Mai gadi ne da aka ce ya kama ɓarawo, in ya kama kuma ya zama lauyansa.

Ga al'ada mai tsawon tarihi. Har zuwa 1999 dokar Jamus ba ta ɗauki bai wa jami'in gwamnatin waje cin hanci a matsayin laifi ba, kamfani ma yana iya rubuta shi cikin kuɗin gudanarwa a rage masa haraji. Suna da suna mai daɗi da suke kiransa da shi, wai kashe kuɗi mai amfani, kamar yadda mu ma muke cewa na goro. Da doka ta canza, kuma Siemens ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a Maris 2001 ya faɗa ƙarƙashin dokar Amurka, ba a daina ba, ɓoyewa aka koma yi. Akwai tagogin biyan kuɗi a cikin ofisoshin kamfanin inda ma'aikaci zai zo da jaka wayam ya fita da ita cike, har Yuro miliyan ɗaya a karo guda. Manajoji kuma sun ƙirƙiro wata dabara da har yau nake jinjina wa rashin kunyarta. Idan za a amince da biyan irin waɗannan kuɗi, ba a kan takardar suke sa hannu ba. A kan 'yar ƙaramar takardar nan mai gam, ta Post-it, suke sa hannu su manna. In bincike ya taso sai a ɓantare ta, takarda ta zama marainiya.

Wani ma'aikaci mai suna Reinhard Siekaczek, wanda daga baya ya ba masu bincike haɗin kai, shi ke riƙe da baitulmalin sashen sadarwa, kuma ya ce abin da ke bi ta hannunsa a shekara yakan kai dala miliyan 40 zuwa 50. A lissafin hukumomin Amurka, daga Maris 2001 zuwa Satumban 2007 an yi biya 4,283, jimillarsu kusan dala biliyan 1.4. Rabon Najeriya a ciki ya haɗa da kimanin dala miliyan 12.7 na kuɗin da ake zargi, a kan ayyukan sadarwa da suka shafi NITEL da Ma'aikatar Sadarwa, har da agogunan hannu na kusan dala 172,000 da aka saya wa wasu manya.

Wannan ya tuna mini da Enron, kamfanin makamashin Amurka da ya durƙushe a Disambar 2001. Littafinsa na ɗa'a shafi 64 ne. Amma a 1999 majalisar daraktocinsa da kanta ta zauna ta ɗage wa babban jami'in kuɗi, Andrew Fastow, ƙa'idar da ta hana ma'aikaci ciniki da kamfanin ta bayan gida, ya tafi ya samu sama da dala miliyan 30. Kaurin littafi bai taɓa tsare kowa ba.

Gyaran da Siemens ya yi daga baya shi ne ake koyarwa a makarantun kasuwanci. A 2007 shugaban majalisar sa ido, Heinrich von Pierer, ya sauka, shugaban kamfanin Klaus Kleinfeld ya bi shi. Aka ɗauko Peter Löscher, ɗan Ostiriya, daga kamfanin magunguna na Merck, karo na farko da wani daga waje ya riƙe kamfanin tun kafa shi a 1847. Shi kuma ya kawo wani lauya Ba'amurke, Peter Solmssen, daga General Electric, aka ba shi kujera a majalisar gudanarwa, aka ce shari'a da bin ƙa'ida a hannunsa suke. Ma'aikatan sashen suka tashi daga ƙasa da 100 zuwa kusan 600. Aka yi shelar afuwa: duk ƙaramin ma'aikacin da ya fito ya faɗi abin da ya sani ba za a kore shi ba, kamfani ba zai bi shi diyya ba. Fiye da mutum 100 suka fito. Aka buɗe layi biyu, ɗaya na kai rahoto, ɗaya na tambaya kafin a aikata. Na biyun nan ya fi burge ni, domin mutum ya fi samun ƙarfin halin tambaya ko ya halatta ya karɓi rago a kan ya tona asirin wanda ya riga ya yanka. Aka kuma ɗaure wani kaso na ladan ƙarshen shekara na manyan manajoji da yadda suka bi ƙa'ida.

Ranar 15 ga Disambar 2008 aka rufe shari'ar: dala miliyan 800 ga hukumomin Amurka, Yuro miliyan 395 ga masu gabatar da ƙara na Munich, ban da Yuro miliyan 201 da wata kotun birnin ta riga ta ci shi tara a 2007. Aka kuma naɗa tsohon ministan kuɗin Jamus, Theo Waigel, ya yi shekara huɗu yana leƙa musu tukunya. A Najeriya, a Nuwamban 2010 aka sasanta a kan Naira biliyan 7.

Sai dai ko a cikin labarin gyaran akwai abin lura. Mutumin farko da Siemens ya ɗauko bayan samamen, wani mai gabatar da ƙara daga Stuttgart mai suna Daniel Noa, wata shida kawai ya yi a kujerar. Volkswagen ma, bayan badaƙalar maguɗin hayaƙin mota, ya ɗauko tsohuwar alƙaliyar kotun tsarin mulkin Jamus, Christine Hohmann-Dennhardt, a Janairun 2016 da ganga da algaita. Shekara ɗaya da wata ɗaya ta yi aka rabu, aka ce an samu saɓanin fahimta kan hurumin aikinta.

Inda kujerar ke karyewa

Wani lokaci mai gadin ne kansa ke buɗe ƙofa. A 2006 kamfanin kwamfuta na HP ya so ya gano wane darakta ne ke tsegunta wa 'yan jarida sirrin majalisa. Aka ɗauki masu bincike suka riƙa yin sojan gona, suna kiran kamfanonin waya da sunan daraktoci da 'yan jarida don a ba su jerin kiran da suka yi. Wanda ya jagoranci aikin daga cikin gida shi ne Kevin Hunsaker, lauyan da ke riƙe da ofishin ɗa'a. Ya rasa aikinsa, jihar Kalifoniya ta gurfanar da shi, ko da yake daga baya kotu ta sallami ƙarar. Ya ɗauki kansa ma'aikacin shugabanni, ya manta wane ofis aka ba shi.

Wani lokaci kuma shugaba ne ke tsallake shi. A 2016 aka aika wa majalisar daraktocin bankin Barclays wasiƙu marasa suna a kan wani babban ma'aikaci da aka ɗauka, tsohon abokin aikin shugaban bankin, Jes Staley. Maimakon ya bar masu bincike su duba zargin, Staley ya sa jami'an tsaron bankin su nemo marubucin. Hukumomin Birtaniya suka ci shi tarar fam 642,430 daga aljihunsa a 2018. Ya ci gaba da zama a kujerarsa, kuma duk wani ma'aikacin da ke tunanin rubuta wasiƙa ya gani.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na bankin Wells Fargo. Shugabanni suka ce kowane abokin ciniki sai an sayar masa da kayan banki takwas: asusu, katin bashi, inshora da sauransu. Aka raba adadi ga rassa, rassa suka raba wa ma'aikata, wanda bai cika ba a yi masa barazanar kora. Me yaro zai yi? Sai ya buɗe wa mutane asusu ba da saninsu ba. Da abin ya fito a Satumban 2016 aka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka ce an kori ma'aikata 5,300 cikin shekara biyar, asusun da ake zargi kuma daga baya lissafinsu ya kai miliyan 3.5. Bankin yana da layin ɗa'a duk tsawon wannan lokaci. Tsofaffin ma'aikata suka fito suka ce sun kira layin, bayan 'yan kwanaki aka sallame su da wani dalili na daban. A 2017 ma'aikatar ƙwadagon Amurka ta umarci bankin ya mayar da wani manaja da aka kora a 2010 bayan ya kai rahoto, ya kuma biya shi dala miliyan 5.4.

Korar mutum 5,300 ba ta tsayar da komai ba, domin ɓarnar daga teburin da ake yanka adadi take fitowa, jami'in ɗa'a kuwa ba ya zama a wannan tebur. Duk wanda yake da ƙanwa ko 'ya da ta yi aikin nemo masu ajiya a wani bankin ƙasar nan, aka ce ta kawo miliyan kaza kafin ƙarshen wata ko ta san inda dare ya yi mata, ya san wannan labari ba na Amurka kaɗai ba ne. Ana iya tara yaran nan a ɗakin taro a yi musu lacca kan gaskiya da riƙon amana da safe, da yamma a tura musu saƙon adadi. Sun san wanne ne na gaske.

Don kada a ce duk labarin baƙi ne, akwai bankin Morgan Stanley. A 2012 wani babban manajansa a Shanghai, Garth Peterson, ya amsa laifin haɗa baki da wani jami'in China. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta hukunta shi shi kaɗai ta ƙyale bankin, domin bankin ya nuna sau bakwai ya horar da shi kan dokar, ya kuma tunatar da shi aƙalla sau 35. Wannan rajistar da kowa ke yi wa dariya ita ta fitar da su. A ɗaya gefen, Thomas Haider, tsohon jami'in bin ƙa'ida na MoneyGram, a 2017 ya biya dala 250,000 da kansa saboda 'yan damfara sun yi ta amfani da kamfanin a zamaninsa. Halin mai wannan kujera ke nan: in ya yi magana a kore shi, in ya yi shiru hukuma ta kama shi.

A gida

A Najeriya bankuna ne suka fi sanin wannan kujera, kuma Babban Banki ne ya tilasta musu. Tun ƙa'idojin 2006, bayan haɗewar bankuna, aka ce kowane banki ya samu babban jami'in bin ƙa'ida da hanyar kwarmata bayani. Duk da haka ranar 14 ga Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank, aka zuba Naira biliyan 420 don kada su nutse. A 2016 Babban Bankin ya ƙara ɗaure igiyar: babban jami'in bin ƙa'ida kada ya gaza matsayin janar manaja, sannan a samu wani a matakin babban darakta da zai ɗauki alhakin sashen. Hikimar a fili take. A ofishin Najeriya ƙarami ba ya ce wa babba a'a, don haka sai a ɗaga mai cewa a'ar. Ƙa'idojin tafiyar da kamfanoni na 2018, waɗanda Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta fitar, sun faɗaɗa zancen zuwa sauran manyan kamfanoni, a ma'aikatun gwamnati kuma ICPC tana da 'yan ƙananan sassanta na yaƙi da rashawa.

Gibin yana wajen kariya. A Disambar 2016 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin bai wa mai kwarmata bayani ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin da aka ƙwato, bayan wata huɗu kuma aka bankaɗo dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi. Amma tsari daban, doka daban. An yi shekaru ana kai ƙudirin kare masu kwarmato gaban Majalisa yana dawowa. Jami'ar ɗa'ar da ta ce wa akawu ya faɗi gaskiya ba abin da zai same shi, alkawari take yi da dukiyar da ba tata ba.

Ga kuma siffar kasuwancinmu na Arewa. Littattafan fannin duk sun ce jami'in ɗa'a ya riƙa kai rahoto kai tsaye ga majalisar daraktoci, ya gana da su ba tare da shugaban kamfani a ɗakin ba, kuma kada a kore shi sai da yardarsu. Shawara ce mai kyau a inda majalisar take da 'yancin kanta. To a kamfanin da Alhaji ne shugaba, babban ɗansa ne manajan darakta, surukinsa ne darakta mai zaman kansa, wa za a kai wa ƙarar wa? A irin wannan gida abin da ke sa a saurari jami'in yakan zo ne daga waje: bankin da zai ba da rance ya ce sai ya ga tsarin, ko abokin hulɗa daga Ingila wanda dokar ƙasarsa ta 2010 za ta kama shi in wakilinsa a Kano ya ba da na goro. Ma'aikatar shari'ar Amurka, idan tana auna irin wannan ofis, tambaya uku take yi: an tsara shi da kyau, an ba shi kuɗi da iko, yana aiki a zahiri? Ta biyun ce ke kayar da yawancin kamfanoni. Ni da za a ba ni dama da na ƙara ta huɗu, a nuna mini ciniki ɗaya mai tsoka da kamfanin ya bari ya wuce saboda jami'in ya ce a'a, a kuma nuna mini jami'in yana nan a kujerarsa.

Siemens dai bai bar Najeriya ba. A Yulin 2019 ya dawo Abuja da babbar magana, yarjejeniyar gyara harkar wutar lantarki da burin kai ta megawat 25,000. Shugaba Muhammadu Buhari yana zaune, shugaban kamfanin Joe Kaeser yana zaune, 'yan jarida sun saita kyamarori. Wannan karon a kan takardar kanta aka sa hannu.